Kwalbar Inna Tabawa

Tun da aka kafa dokar yaƙi da ciwon mantuwa, duk wanda ya haura shekara sittin yana da kwalbarsa. A ciki akwai tsutsotsin ruwa, fala-fala kamar ganyen tsamiya, ɗauke da ƙwayar gadonsa ta ciwon mantuwa. A kansu ake gwada magani kafin mutum ya sha. Shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan bincike.

Ranar Talata na raka mahaifiyata, Inna Tabawa, asibiti, ta rungume kwalbarta cikin mayafi.

Sabon likita, Dakta Haladu, ya ce, "Hajiya, faɗa min sunayen 'ya'yanki."

"Tanimu, Asabe, Ɗanlami."

"Huɗu na gani a takarda. Wannan ta gefenki fa?"

Inna ta kawar da kai. Ya maimaita, ta yi gum. Sai ya fara rubuta cewa ta manta.

Na ce, "Likita, dakata. Ni ce 'yar fari. Shekarata arba'in da bakwai, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ranar da ta faɗe shi, ranar za ka rubuta."

Inna ta tura masa kwalbar. "Ku 'yan yanzu ba ku san kunya ba. Duba nan. Aikin wata yarinya ne a gidanmu, har daga Masar ake zuwa koyo wurinta."

Duk lambobin yabon da na karɓa, babu wadda ta kai min wannan "wata yarinya".

Cikin kwalbar na hango tsutsa ɗaya tana ta zagaye, ta kasa gano abincinta, alamar farko ta ciwon ke nan. Ban nuna wa kowa ba. Na gyara wa Inna mayafi, ina roƙon Allah kada ta taɓa kiran sunana.