Taswira ta Huɗu

Sau biyu Ernest ya kira "Malam Tukur" kafin mutumin da ke kan benci ya ɗago kai. Ya miƙe cak, ya shigo yana ɗan jan ƙafar hagu, ya ciro wata takarda daga cikin hularsa ya ajiye a kan tebur.

Shekarar 1977 ce. Ernest mutumin Zonkwa ne, shi ke zana taswirar filaye a ofishin safiyo a Dutsin-Ma, kuma watan nan aiki ya sha masa kai. An soke aikin wata hanya da aka yi niyyar fitarwa ta fadamar Ɗantutture a ƙasar Kurfi, aka aika wa duk wanda hanyar ta ci wa lambu takarda, ya zo a mayar masa da taswirarsa yadda take a da.

Ernest ya jawo fayil mai sunan Tukur Ilu. Taswira uku ne a ciki, kowace da lambarta da shekararta. A ta ukun ne hanyar ta ratsa lambun ta raba shi biyu.

"Ta biyu za mu koma," in ji Ernest. "Ba hanya a cikinta."

"Ta farko nake so, Yallaɓai."

Ernest ya yi masa bayanin da ya saba yi wa kowa. A ofishin nan ba a yaga taswira, ba a kuma goge ta. In an ce za a koma baya, sabuwa ake zanawa a kira ta ta huɗu, a kwafe tsohuwar a kanta tsaf. Ta biyu da ta uku suna nan a fayil har abada, duk mai son ganin abin da ya faru zai gani. Kuma in an ɗauko tsohuwa, da duk abin da ke cikinta take dawowa, ba a tsince mai daɗi a bar mai ɗaci.

"Duk abin da ke cikinta?" mutumin ya tambaya.

"Duka."

"To ta farko."

Sai bayan ya fita ne Ernest ya buɗe ta farkon, ta 1964. Iyakokinta daidai suke da na ta biyu, rijiya na wurinta, mangwaro bakwai na wurinsu. Bambanci ɗaya ne tak, can ƙasa a kusurwa: sunan mai lambu. Manu Ilu. An maƙale wata 'yar takarda da fil a bayan ta biyun, wadda ta ce Manu soja ne, ya tafi yaƙin basasa bai dawo ba, dagaci ya shaida rasuwarsa, lambu ya koma hannun ƙanensa Tukur.

Mutumin nan zai cire sunansa da hannunsa, ya mayar da lambun ga wanda ƙasa ta rufe wa ido. Daga nan kowane ɗan uwa na iya tasowa ya ce yana da gado a ciki. Ernest ya taɓa ganin irin wannan a wani ƙauye, inda 'yan ɗaki ɗaya suka ɗauki fartanya a kan juna, kuma shi ya zana taswirar da ta jawo abin. Har yau bai daina jin nauyinsa ba.

Kwana uku yana ɗaukar alƙalamin zane yana ajiyewa. Matarsa Felicia ta ga tuwo yana komawa madafa yadda ta kawo shi, ta matsa masa har ya faɗa mata.

"Kai dai gaya wa bawan Allah gaskiya," ta ce. "In ya ji ya ƙi, ka fita haƙƙinsa."

Ran Alhamis mutumin ya dawo tun kafin a buɗe ofis. Ernest ya zana ta huɗun kamar yadda aka nema, amma ya dafe ta da hannu.

"Malam, ka saurare ni da kyau. Sunan yayanka ne a kan ta farko. In wannan ta shiga fayil, kai ba ka da ko taku ɗaya a lambun nan. A takarda Manu ya rasu, mamaci kuwa ba ya zuwa ofis neman haƙƙinsa."

"Haka na ji a duk ofishin da na je."

"To don Allah mu koma ta biyu. Yau ɗin nan zan zana maka."

Mutumin ya kalli mangwaron da aka zana ƙanana a jere. Ya sa yatsa a kan na gefen rijiya, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ita ta biyun, ka ce tana nan ba za a yaga ba? Da sa hannun dagaci da komai?"

"Tana nan."

"Madalla. A bar ta, wata rana za a nemi ganinta."

Ernest ya ɗauke hannunsa daga kan taswirar. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya buɗe gwangwanin tawada ya tura masa don ya dangwala yatsa, kamar yadda manoman fadama ke yi.

Mutumin ya ture gwangwanin gefe. Ya zaro biro daga aljihun Ernest ba tare da neman izini ba, ya duƙa ya yi rubutu a hankali, ya miƙe ya ƙame, ya juya ya fita yana jan ƙafa.

Ernest ya juyo da takardar gabansa. A wurin sa hannun mai lambu, da manyan baƙaƙe irin waɗanda ake koyarwa a bariki, an rubuta: KOFUR MANU ILU.