Kitsen Tela

Ranar da likita ya ce kitse ya yi wa maƙwabcina tela yawa a jini, matarsa tsalle ta daka don murna. Shekara tara uwarsa na zarginta da hana shi abinci, don bawan Allah kamar tsinken tsintsiya yake.

Ta sa takardar gwajin a firam, ta rataya a falo, ta kira tsohuwar. Ni kuwa ina leƙe ta taga.

"Mama, ga shaida! Haifalifidimiya! Likita ya ce kitse ne, har ya wuce misali."

Tsohuwa ta dubi takardar, ta shafa haƙarƙarin ɗanta, ta ja tsaki.

"Au, ashe a ciki kika ɓoye shi, munafuka? Maza fito min da shi waje mutane su gani!"