Fuskar da Inna Ta Nuna Min

Damina ce, ta biyu bayan rasuwar Baba, ina ƙaramar yarinya. Gero ya yi kyau a garinmu Garu, amma gidanmu shiru. Ran nan da la'asar na fashe da kuka, na ce na manta fuskarsa. Inna ta ciro littafin hotunan makarantar su Baba daga adaka, yana warin kafur, ta ɗora yatsa kan wani yaro.

"Ga shi nan, ɗiyata, wanga mai manyan kunnuwa. Bar kuka."

Bana da na iya karatu a ajin yaƙi da jahilci, na buɗe littafin don in nuna wa 'ya'yana kakansu. Ashe sunan Baba yana cikin waɗanda ba su zo ranar hoton ba.

Washegari na kai wa Inna fura, na zauna kusa da ita. Ban tambaye ta ba.