Accar Ƙarshe a Tukunyar Mama

Har yau in na ji ƙanshin faten acca da yakuwa, sai raina ya ɓaci.

Tsakiyar damina ce, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Wani mai wa'azi ya zo ƙauyenmu daga Kafanchan a kan keke, aka sauke shi gidanmu don Baba dattijon ikkilisiya ne. Da la'asar Mama ta juye accar da ta rage mana a tukunya. Na riƙe mata zane, na ce, "Mama, mu fa?"

Ta ce, "Kin manta gwauruwar Zarefat? Ta ba annabi Iliya abincinta na ƙarshe, garinta bai ƙare ba."

Na gaskata ta. Na kai wa baƙon akushi, na durƙusa. Ya ci, ya side yatsu, ya yi gyatsa. Bai tambayi ko yaran gida sun ci ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Uwargida, gishiri bai ji ba."

Mama ta durƙusa ta ce, "Yi haƙuri, Malam."

Na ruga ɗaki na zura hannu a tulun acca har kafaɗa. Ƙaiƙayi kawai na shafo.

Ban bar Allah ba, ina zuwa sujada har gobe. Amma Iliya ya zauna a gidan gwauruwar nan har yunwa ta wuce. Namu kuwa ya hau kekensa ya tafi, ya bar uwata da ba da haƙuri.