Rubutun Gindin Ƙwan Fitila

Ina da in'ina, don haka ba na ɗaga hannu a aji. Wata rana bayan azahar, Malam Sani, malamin kimiyya, ya shigo ajinmu a Kwandiko da batirin babur da ƙwan fitila. Ya haɗa waya, ƙwan ya kama, mita ta nuna bolt sha biyu, amfiya biyu.

Ya danne rubutun gindin ƙwan da yatsa. "Wat nawa aka rubuta a nan?"

Na tuna bolt sau amfiya shi ke ba da wat, wato ƙarfin wutar. Na ninka sha biyu sau biyu, na miƙe.

"A-ashirin da huɗu, Malam."

Ya ɗage yatsan. Haka ne kuwa!

"Maimaita, 'yata, na baya ba su ji ba."

Na maimaita da ƙarfi, harshena bai sarƙe ba. Har yau ina jin daɗin muryata ta ranar.