Fijon Nu'uman Ta Ƙi Tashi

Maƙwabcinmu Nu'uman ya sha kunya ranar Laraba a Magajin Gari. Juwairiyya ta sake ce masa maganar aure sai ta yi tunani, gogan ya yi zuciya, ya faɗa tsohuwar Fijonsa ya murɗa makulli. Inji ya ja da ƙyar, gur, gur, ya yi shiru. Halinta ke nan in inji ya ɗau zafi.

Juwairiyya, 'yar bakanike, ta leƙo ta taga tana danne dariya.

"Malam Nu'uman, kullum a kunne kake barinta. Yau me ya sa ka kashe?"

Ya share gumi, ya dube ta.

"Ita ma ta gaji da zarya. Ta ce ba inda za ta sai kin amsa. Ɗauko tabarma."