Akwatin Kifin Baturen Kuza

Karo na uku ke nan Mudi yana kankare haɗin gilasan akwatin kifin, yana liƙe su da kakin zuma. Duk da haka ruwan ya sake raguwa.

Da Baturen kuza na Riruwai zai tafi Kano, ya ce wa kukunsa Mudi in tsohon akwatin kifin nan ya tsiyaye, a bakin aikinsa. Gobe zai dawo. Kakin ya ƙare.

Mudi ya zauna ya dafe kai.

Da azahar sai ga Baba Maikano mai gadi, ya tsoma butarsa cikin akwatin.

"Baba! Me kake yi?"

"Alwala mana, ɗana. Ya fi na rijiya sanyi. Sau biyar kullum nake ɗiba, kifayen ba su taɓa hana ni ba."